Karen Pavlov da Bulalarmu

A kwalejin horon malamai an koya mana labarin Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya sami kyautar Nobel a 1904. Ya lura karnukansa na dalalar da yawu da jin takun mai kawo abinci. Sai ya riƙa kaɗa wani sauti kafin kowane ci, har sautin kaɗai ya isa ya kawo yawun.

A 1920 John Watson na Amurka ya gwada haka a kan jariri. Yaron na taɓa farin ɓera, sai a doki ƙarfe da guduma a bayansa. Daga baya ganin ɓeran kawai sai kuka, har zomo ya koma tsoro. Rashin imani ne, amma ya nuna abin.

Mun rubuta wannan a jarrabawa, mun ci, sannan muka shiga aji da bulala. Yaro ya kuskure lissafi, zane. To, da me muka haɗa masa lissafin? Akwai yarinya a ajinmu, da an ce a fito da littafin lissafi sai cikinta ya murɗa. Mahaifinta ya zo wai mu ƙara mata duka. Muka ba shi kujera, muka fara masa da labarin karen.