Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Bankin Najeriya, Reshen Kaduna



Ni direban haya ne a tashar Kawo. Na karɓi bashin mota a wani banki, na biya tsaf, takardar shaidar kammala biya tana hannuna. Da na nemi wani rancen don canza inji, sai aka ce sunana yana cikin masu taurin bashi. Ashe bankin bai sanar da kamfanonin adana tarihin bashi cewa na gama ba.

Kamfanonin uku ne: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Abin da banki ya aika musu shi suke rubutawa, kuma masu ba da rance kan duba da lambar BVN. Dokar da aka kafa kan wannan harka a 2017 ta ba mu damar ƙalubalantar bayanin da ba daidai ba. To, amma direba nawa ne a Kawo ko Mando ya san da ita? In ka nemi gyara, banki ya ce je ka kamfanin, kamfanin ya ce koma banki, kullum “dawo gobe”.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsarin GSI na 2020, wanda ya halatta a ciri kuɗi daga asusun mai bashi a kowane banki. Idan lissafin kuskure ne fa?

Roƙona, ku tilasta wa banki gyara sunan mutum da zarar ya gama biya, ku ci tarar wanda ya yi sakaci. Ku kuma buɗe teburin karɓar koke da Hausa a ofishinku na titin Yakubu Gowon.



Wani direba, Kawo, Kaduna