RANGWAMEN HARAJI KO TAKUNKUMI?



Bahaushe ya ce in baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Don haka duk gwamnatin da ta ce wa masallaci ko coci ta yafe masa haraji, to a tambaye ta, me take so a madadinsa?

Mu dubi Amurka, uwar masu ihun 'yancin faɗin albarkacin baki. A 1954 wani sanata daga jihar Texas, Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya cusa sharaɗi a dokar haraji, cewa duk ƙungiyar da aka yafe wa haraji, coci ko masallaci, ba ta da damar goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. A 1992, ana saura kwana huɗu zaɓe, wani coci a jihar New York ya sayi shafi a jaridu yana gargaɗin Kirista kada su zaɓi Bill Clinton. A 1995 hukumar haraji ta ƙwace masa rangwamen, kotu kuma ta ce ta yi daidai. Amma da Donald Trump ya ga masu zuwa coci na cikin waɗanda suka ɗora shi kan mulki, sai a 2017 ya yi alkawarin rusa sharaɗin. A Yulin 2025 wannan hukumar dai ta shaida wa wata kotu cewa ba laifi fasto ya faɗa wa mabiyansa wanda za su zaɓa. Kun gani? Linzami ne a hannun mai mulki, in ya so ya ja, in ya so ya sassauta.

Kada wani ya ce ai wannan can ne. A nan Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 839, ta zo da ikon dakatar da amintattun ƙungiya mai rajista, a ɗora mata wasu daga waje. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta kururuwa, da yawanmu kuwa ko labari ba mu ji ba.

To amma 'yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Takunkumin da ya fi muni shi ne wanda muke miƙa baki a sa mana. Ambulan bayan tafsiri, sabuwar mota, kujerar Hajji. Malamin da ya shekara uku bai ce uffan ba kan yunwa da kashe-kashe da garkuwa da mutane, da zaɓe ya ƙarato sai ka ji mumbarinsa ya koma dandalin kamfe. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ta yaya wannan zai dubi gwamna ya ce masa ya ji tsoron Allah?

Ina muka baro Shehu Usmanu? A Magami, ranar Babbar Sallah, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinaren, ya nemi abu biyar a madadinsa: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Ku lura, talaka ya nema wa sauƙi, bai nema wa kansa ba. Hannunsa bai karɓa ba, shi ya sa bakinsa ya iya magana.

Saboda haka aiki na kanmu, mu matasa. Mu gina masallatanmu da makarantunmu da guminmu, ko da naira ɗari-ɗari ce. A riƙa karanto abin da ya shiga asusu da abin da ya fita a gaban jama'a, don kada azzalumi ya sami kafar kama mu. Malaminmu ya yi magana kan zalunci kowace jam'iyya ce ke yi, amma ranar da muka ga motar ɗan takara a ƙofar gidansa, mu tambaye shi cikin ladabi, nawa aka sayi huɗubar?

Allah Ya tsare mana mumbarinmu, Ya ba mu malaman da ba sa sayuwa. Wassalam.