Manhajar Makafi Ta NVDA: Taimako Ma Yana Da Ladabinsa

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da aka ɗiba domin gyara gine-ginen jama'a ya cika, kamar yadda dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanada. Akasarin mahawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan matakala da faɗin ƙofofi. Sai dai akwai wata ƙofar da ba a cika ambato ba, wato allon kwamfuta da na waya. Hulɗa da banki da neman aiki da rajistar jarrabawa duk sun koma can, kuma ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya nuna mana halin da mutum kan shiga idan wannan ƙofa ta rufe masa. Makaho kuwa ba ya ratsa ta sai da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo.

Ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan manhajoji ita ce NVDA, wadda ke aiki a kwamfutoci masu Windows. Wani matashin makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, shi ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh, wanda shi ma makaho ne, ya mara masa baya, kuma a 2007 aka kafa ƙungiyar NV Access domin kula da ita. A wancan lokaci, babbar manhajar da ake sayarwa, wato JAWS, kuɗinta ya kai kimanin dala 1,000, abin da kan zarce kuɗin ita kanta kwamfutar. Hausawa suka ce in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Waɗannan samari sun taka nasu dutsen, domin a yau ana samun NVDA kyauta cikin harsuna fiye da 50, kuma a binciken jin ra'ayi da cibiyar WebAIM ta Amurka ta gudanar a 2019, masu dogaro da ita sun ɗara masu dogaro da JAWS a karon farko.

Sirrin wannan nasara shi ne NVDA buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ma'ana, rubutun umarnin da aka gina ta da shi yana ajiye a dandalin GitHub, kowa na iya karantawa, ya kai rahoton matsala, ya gabatar da gyara, ko ya fassara ta zuwa harshensa. Wannan ne ya sa matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya suke iya sa hannu a cikinta daga ɗakunansu, kuma hakan abin farin ciki ne. Abin tambaya a nan shi ne, da wace irin niyya da wane irin ladabi za su shiga? A ganina, wanda ya shiga wannan fage yana ɗaukar kansa mai ceton makafi, ɓarnarsa za ta fi gyaransa yawa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wani ɗalibina makaho yana amfani da NVDA da muryar Ingilishi, sai na ji yadda take kakkarya masa kalmomin Hausa, abin ya sosa mini rai a matsayina na malamin kimiyyar harshe. Na kwashe makonni ina fassara kalmomin da manhajar ke furtawa, na kawo masa ina jiran yabo. Da ya saurara sai ya ce, "Malam, Allah Ya saka da alheri, Hausar ta yi daɗi, amma ta yi tsawo." Ashe inda na rubuta "wurin da ake dannawa", shi "maɓalli" kawai yake so, domin kalmar yana jin ta sau ɗaruruwa a wuni guda, kuma yana saurare ne da saurin da ni ban iya tsintar ko kalma ɗaya ba. Kowace gaɓa da na ƙara don ƙawata zance, lokacinsa na ci. Ban tambaye shi ba kafin in fara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hau rufin da digirina ina ta like inda ba ya zuba.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne saurare. Duk wanda ke son taimakawa, ya fara sauke manhajar, ya kashe allon kwamfutarsa, ya gwada aika wasiƙa guda ɗaya da kunne kaɗai. Bayan nan ya zauna da masu amfani da ita kullum. Muna da su a jami'o'i da ma'aikatu, muna da makarantu irin ta Gindiri da ke Jihar Filato, wadda ke koyar da makafi tun 1953, sannan akwai ƙungiyoyinsu. Su ne za su faɗi abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da mai ido ke zato.

Sharaɗi na biyu shi ne mutunta masu kula da manhajar. Mutane ne ƙalilan, kuma duk gyaran da aka aika sai wani ya zauna ya karanta, ya gwada, sannan ya ɗauki nauyinsa har shekaru masu zuwa. Don haka akan buƙaci mutum ya karanta ƙa'idojin aikin, ya bincika ko wani ya riga shi kai rahoton matsalar, ya kuma tattauna da su kafin ya fara babban canji. Tarihi ya nuna illar rashin wannan ladabi. A Oktoban 2020, wata gasa da ke ba da kyautar riga ga masu aika gyara ta sa aka yi wa manhajoji da dama ruwan gyare-gyaren banza, har masu kula da su suka koka. A Afrilun 2021 kuma, masu kula da Linux sun dakatar da karɓar gudummawa daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan da wasu masu bincike a can suka aika gyare-gyare masu aibi da gangan don gwaji, ba tare da neman izini ba. Mu malaman jami'a sai mu yi hattara, kada mu mayar da irin wannan aiki filin da ɗalibai za su riƙa jibge aikin kammala karatu don neman maki. Kuskure a wata manhajar ɓacin rai ne kawai, amma a wannan, idan murya ta ɗauke, mutum ya rasa hanyar ko da gano abin da ya faru, balle ya gyara.

Sharaɗi na uku ya shafi harshenmu, kuma a nan ne muke da abin bayarwa wanda babu mai ba da shi sai mu. Rubutun Hausa na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai ido da ya ga "gari" yakan gane daga muhallin zance ko na zama ake nufi ko na tuwo. Haka "baƙi", ko launi ko waɗanda suka zo daga nesa, sannan idan aka yar da ƙugiyar, kamar yadda ake yi a saƙonnin waya, sai ya koma "baki". Kai, "ya tafi" ma tana iya zama labari ko umarni, bambancin yana cikin murya. Na'ura dole ta zaɓi furuci ɗaya, kuma idan ta yi kuskure, makaho ne zai ji abin da marubuci bai faɗa ba. Wannan aiki ne na masana harshe da masu rubuta manhaja da makafi a zaune wuri guda. Wanda ya kwaso fassarar inji ya zuba ba tare da tacewa ba, ya bar wa wasu shara ne. Bugu da ƙari, fassara alƙawari ce mai ɗorewa, domin manhajar na fitowa da sabon zubi sau da dama a shekara, kuma fassarar da aka yi watsi da ita takan koma rabi Hausa rabi Ingilishi.

Ko shakka babu, wani zai ce waɗannan sharuɗɗa za su kashe wa matasa gwiwa, alhali masu taimakon ma sun yi ƙaranci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma masu kula da manhaja su ma wajibi ne su karɓi sabon shiga da sakin fuska. Amma ƙaramin gyara guda da aka yi da shawara ya fi manya goma da za a mayar wa mai su. Wanda ba ya iya rubuta manhaja ma yana da rawar takawa: ya rubuta rahoton matsala dalla-dalla, ya koyar da wani, ko ya ba da gudummawar kuɗi, tunda da irin wannan tallafi ne, tare da na wasu kamfanoni, aikin yake tafiya.

Daga ƙarshe, ina kira ga Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, da sassan nazarin Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, su haɗa kai su kafa ayarin da zai ɗauki wannan aiki na tsawon shekaru, kuma makafi su ja ragamarsa, a biya su ladan ƙwarewarsu kamar kowane ƙwararre. Mun daɗe muna kallon makaho a matsayin mai karɓar sadaka. A wannan gida shi ne maigida, mu ne baƙi, kuma baƙo na gari yakan yi sallama, ya jira a amsa, kafin ya ɗaga labule. Allah Ya sa mu gane.