Filin Kiɗa: Darasin Mamman Sani Ga Barno

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Monday a Maiduguri zai ji waƙoƙin finafinan Hausa suna tashi daga rumfuna, kusan dukkansu da kiɗan piyano. Amma tun kafin wannan yayi akwai wanda ya gwada sarrafa kiɗan Sahel da na'urar lantarki.

Shi ne Malam Mamman Sani Abdullahi na Yamai, a Jumhuriyar Nijar. Da ogan ɗinsa ƙirar Italiya, mai suna Orla, ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasar cikin 1978. Kiɗa ne marar tarkace, watau 'yar karin murya guda tana maimaituwa a hankali, kamar tafiyar ayari. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sanya shi tsakanin shirye-shirye.

Kaset ɗin ya yi wuyar samu, har sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a faifan garmaho cikin 2013. Daga nan sunan Malam Mamman ya kai Turai.

To, ina muryoyin makaɗan Barno na da? Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024 ta nuna yadda ruwa ke cinye dukiya cikin dare guda. Ya kamata gidajen rediyo da Jami'ar Maiduguri su kwafe tsofaffin kaset da fayafayai tun da sauran lokaci. Allah Ya sa a ji.