Ɓawon Koko Abincin Kaji Ne, Amma Ba Na 'Yan Tsaki Ba

'Yan'uwa manoma, duk mai kiwon kaji ya sani abinci shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Masarar da kaji ke ci ita ce kuma tuwon iyalinmu. Saboda haka ne wasu ƙungiyoyinmu suka fara tambaya a kan ɓawon koko, wato kokon da ake yin cakulan da shi.

A Ondo da Ikom, da wajen Kurmi a Jihar Taraba, in an fasa koko an kwashe 'ya'yan, sai a bar ɓawon tsibi-tsibi a gona. Wannan ɓawo shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin kokon. In ya ruɓe a wurin, yana ajiye cutar da ke baƙanta koko a jikin itace. Mata sukan ƙone kaɗan su yi sabulun salo da tokar, sauran kuwa ya tafi a banza. Ma'aikatar binciken koko da aka kafa a Ibadan a 1964 ta daɗe tana gwada shi a abincin dabbobi. Ubangiji bai ba mu abu domin mu zubar ba.

Amma ga nawa ra'ayin: kada a ba ƙananan 'yan tsaki. Dalili biyu ne. Na fari, ɓawon yana da tauri, ga ƙarancin abin gina jiki. Cikin ɗan tsako ƙarami ne. In ya cika da abin da ba ya narkewa, girma ya tsaya. Na biyu, koko yana da wani sinadari mai ɗaci, tiyoburomin, wanda in ya yi yawa yakan hana kaza cin abinci, har ya kashe ta. Ya fi yawa a ɓawon ƙwayar, wanda ake samu a masana'anta, fiye da babban ɓawon waje. A yi hattara da wannan.

To, yaya za a yi? A yayyanka babban ɓawon tun yana ɗanye, a tafasa shi a zubar da ruwan, a shanya ya bushe ƙayau, sa'an nan a kai injin niƙa. Wanda ya yi funfuna a watsar. A jira kaji su wuce wata guda, a fara da kaɗan, kada ya wuce kilo 1 cikin kilo 10 na abinci. Kada a rage ƙuli-ƙuli ko waken soya dominsa.

Kuma kada kowa ya gwada shi kaɗai. Ƙungiya ta ware kaji 20 a gidan mutum ɗaya, rabi a ba su, rabi a hana, a riƙa auna su a sikeli kowane mako, sakatare ya rubuta. In an yi hasara, ta kowa ce, ba ta gwauruwa ɗaya ba. Waɗanda ke nesa da gonakin koko su lissafa kuɗin mota tukuna, watakila dusa ta fi musu araha.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu.