Kafin Salamanka, Akwai Sakkwato: Ina Ɗalibin Harshe Zai Je Koyon Aiki?

Idan aka ambaci fita waje don koyon sanin makamar aiki, abin da muka saba kira istaj, hankalin yawancinmu Turai yake tafiya. Ba abin mamaki ba ne, domin can ne al'adar tura ɗalibi wata ƙasa ya yi zango ɗaya ko biyu ta kafu har ta yi jijiya. Sai dai ɗalibin kimiyyar harshe da ya fito daga Ƙonni, Malbaza ko Illela yana da tambayar da ya kamata ya yi wa kansa kafin ya fara cika takardun biza: mene ne zai je nema, kuma ina ne wuri mafi kusa da zai same shi? A ganina, ƙasar waje ta farko da ya dace sassanmu su riƙa tura mu ita ce Najeriya, birnin kuwa Sakkwato. Hujjata kuma daga birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya na ɗauko ta.

Salamanka birni ne matsakaici a yammacin Sifaniya, a bakin kogin Tormes. Sarki Alfonso na tara ya kafa jami'arsa a shekarar 1218, wato ta haura shekara ɗari takwas tana karantarwa. A nan aka buga nahawun da Antonio de Nebrija ya rubuta wa harshen Kastiliya a 1492, harshen da a yau muke kira Sifaniyanci. Tun 1929 jami'ar take koyar da baƙi wannan harshe, kuma tana da hannu a tsarawa da gyaran jarrabawar DELE, wadda cibiyar Cervantes ke gudanarwa a faɗin duniya don auna ƙwarewar baƙi a Sifaniyanci. A 1988 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Rayuwar ɗalibi baƙo a can tana da tsari sananne. Yakan haɗa haya da wasu ɗalibai, ko ya zauna da wani iyali don kunnensa ya saba da harshen. Da ƙafa yake zuwa aji. Idan koyon aiki ya kai shi, sai a ajiye shi a makarantar koyar da harshe, ko ofishin fassara, ko ɗakin karatu, tare da mai kula da shi a wurin aikin da wani malami a jami'arsa ta asali. Shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, shi ne ya sauƙaƙa wannan zirga-zirga, kuma a ƙarƙashinsa koyon aiki yakan ɗauki daga wata biyu zuwa wata goma sha biyu. In ɗalibi ya koma gida, makin da ya samo yana shiga lissafin digirinsa kai tsaye.

Idan aka cire tsofaffin gine-gine da ƴan yawon buɗe ido, abubuwa uku ne suka riƙe wannan tsari. Na farko, birnin ya ɗauki harshen mutanensa a matsayin ilimi da kuma sana'a. Na biyu, akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'ar da ta tura da wadda ta karɓa. Na uku, ana amincewa da abin da ɗalibi ya koyo. Babu ko ɗaya cikin ukun da sai an ƙetare bahar Rum kafin a same shi. Shi kansa Nebrija, a zamanin da Latin ne harshen malamai, harshen kasuwa da na cikin gida ya zaɓa ya yi wa nahawu. Wanda ya je Salamanka ya dawo bai fahimci wannan ba, ya ga gini ne kawai.

Wannan darasi ya zo mana a kan gaɓa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ayyanawa abu ne mai sauƙi, amma nauyin da ke biye da ita a wuyanmu zai faɗa. Wa zai ƙirƙiro kalmomin shari'a da na kiwon lafiya? Wa zai horar da masu fassara a kotu da asibiti? Wa zai rubuta littattafan aji? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma har yau ba mu da isassun ƙwararru da suka yi aiki da harshen a matakin jami'a daga farko har ƙarshe. A ƙetaren iyaka kuwa ana rubuta kundin digiri na biyu da na uku da Hausa, a kare shi da Hausa.

Daga Ƙonni zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai 100 ba. Wannan kusanci ya girmi iyakar da ta raba su. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kafin ɗansa Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil ɗari daga Sakkwato, abin da ya bar Ƙonni a ɓangaren Ingila, sai gyare-gyaren 1904 da 1906 suka maido ta hannun Faransa. Ke nan, da alƙalami bai sake motsawa ba, da yawancin ɗaliban Ƙonni a yau Sakkwato ce jami'arsu ta gida. Iyayenmu ba su taɓa daina bin wannan hanya ba, don fatauci ko zumunci ko neman karatun zaure. Jami'o'inmu ne kaɗai suka yi kamar ba su san da ita ba.

Me ɗalibi zai tarar a can? Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen koyar da harsunan Najeriya inda ake nazarin Hausa tun daga tsarin sauti har zuwa adabi. Hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu tana ajiye da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda duk mai nazarin tarihin Hausa yake bukatar ya iya karantawa. Akwai gidan rediyon Rima, inda ake fassara labarai kullum cikin gaggawa, aikin da ba a koyonsa a aji. Wanda ya ƙara gaba zuwa Kano zai iske cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Wata biyu a ɗaya daga waɗannan wurare zai koya wa ɗalibi yadda ake faɗin "ginin jimla" da "ƙirar kalma" da Hausa ba tare da ya tsaya yana laluben Faransanci ba.

Akwai kuma dalili na kimiyya zalla. Yankinmu da Sakkwato duk cikin karin harshen yamma suke. A ɓangarorin biyu za ka ji "munka zo" inda Bakano ke cewa "muka zo", ka ji "hwari" maimakon "fari", "rigas sarki" maimakon "rigar sarki", "mace ta" maimakon "mace ce". Amma shekara ɗari na mulki iri biyu sun raba kalmomin aro: nan duwan, can kwastan, nan bik, can biro, nan buro, can ofis, nan kuran, can lantarki. Jika ɗaya a kasuwar Ƙonni sefa dubu ce, wato dala ɗari biyu, alhali a tsohon lissafin Najeriya jaka naira ɗari biyu take nufi. Hatta a rubutu, duk da taron daidaita ƙa'idojin Hausa da aka yi a Yamai a 1980, mu muna rubuta ƴ bisa dokar 1999, su kuwa 'y suke rubutawa. Karin harshe ɗaya da ya faɗa ƙarƙashin harsunan Turai biyu daban-daban, wannan fage ne na bincike da masana daga nesa suke kashe kuɗi su zo gani. Mu kuwa a bakin ƙofarmu yake, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Musaya ba ta yiwuwa sai kowane ɓangare yana da abin bayarwa, kuma gundumominmu uku suna da shi. A Ƙonni akwai kasuwa da tashar mota da ƴan canji, inda ake jin Hausa da Faransanci da Ingilishi suna cuɗanya a baki ɗaya, ga kuma manoman rani na fadamar da aka gyara, masu kalmominsu na ban ruwa. A Malbaza akwai kamfanin siminti, inda ma'aikata suka daɗe suna laƙaba wa injuna sunayen da ya kamata a tattara, sannan ga asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, inda marasa lafiya daga ƙasashen biyu ke haɗuwa da likitoci baƙi, tafinta a tsakiya. Ga manoman albasa da dillalanta. A Illela akwai fadar Sarkin Adar da makaɗa da maroƙa da dattawa masu riƙe da tarihin baka. Littafin Bernard Caron kan Hausar Adar ya fito tun 1991, kuma masu magana da ya saurara sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya. Ɗalibin Sakkwato da zai zo ya yi wata biyu a Illela zai samu abin da babu shi a ɗakin karatun jami'arsa, ya kuma tsinci Faransancin da zai buɗe masa rubuce-rubucen da aka yi kan Hausar Nijar.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Ta farko tsaro ce. Ƴan bindiga sun addabi sassa da yawa na jihar Sakkwato da bakin iyakarmu, kuma babu malamin da zai so ya sa hannu a takardar da za ta jefa ɗalibi cikin hatsari. Amsa ita ce a tsara tafiyar: ɗalibai su tafi a ƙungiya, da rana, su sauka a cikin jami'a, aikin ƙauye kuma a bar shi ga wuraren da hukuma ta amince. Barin tafiyar ba tsari, kamar yadda wasu ke yi yanzu da kuɗin aljihunsu, shi ne ya fi hatsari. Ta biyu siyasa ce. An rufe iyaka bayan 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma Nijar ta fita daga kungiyar CEDEAO a Janairun 2025. Wannan ma dalili ne na a sa abin a rubuce, domin yarjejeniyar jami'a da jami'a ita ce ke ba ɗalibi takardar da zai nuna a shinge, ta kuma tanadi abin da za a yi in hanya ta toshe. Ta uku yajin aiki ne: malaman jami'o'in Najeriya sun yi wata takwas ba sa koyarwa a 2022, mu ma kalandarmu ba ta rasa tangarɗa. Shi ya sa koyon aiki na gajeren lokaci ya fi dacewa a fara da shi, tunda gidan rediyo da ɗakin adana rubuce-rubuce ba sa rufewa don an rufe aji.

Hujja ta huɗu ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce ta fi ƙarfi: takardar da ke ɗauke da hatimin Turai ta fi kwarjini a idon mai ɗaukar aiki, har ma a idon dangi. Wanda ya ce ya yi istaj a Sakkwato, sai a ce ai gida ya je. Wannan tunani shi ne ainihin ciwon. Muddin mu da muke nazarin harshe muna auna darajar ilimi da nisan tafiya, kada mu yi mamaki in wasu suka raina digirin Hausa.

Abin da nake roƙo daga shugabannin sassanmu, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa wadda yankin ke ƙarƙashinta, ba ya bukatar dukiya mai yawa. A rattaba hannu kan yarjejeniya da takwarorinsu na Sakkwato. A ware wata biyu a shekara ta biyu ta masta don koyon aiki a ƙetare, a ba shi makinsa cikin talatin ɗin da tsarin LMD ya tanada wa kowane zango. Kowane ɗalibi ya samu masu kula biyu, ɗaya a nan ɗaya a can. A samar da masauki a Ƙonni da zai karɓi masu tafiya da masu zuwa. Sannan a wajabta wa kowa ya ajiye kwafin muryoyin da ya naɗa, tare da rubutunsu da izinin masu maganar, a sassan biyu, don kada aikin ya ƙare a cikin wayar salula. Ƙungiyar ɗalibai kuma tana iya fara nata ɓangaren tun yanzu, ta hanyar tattara sunayen waɗanda suka taɓa karatu a can da kansu, domin su ne suka san hanya da kuɗin haya da malaman da ke karɓar baƙo.

Wanda Allah ya ba damar zuwa Salamanka, ya tafi, tafiya mabuɗin ilimi ce. Ya kalli yadda ake shirya jarrabawar harshe, yadda ake horar da mai koyar da baƙi, yadda gari guda yake cin abinci da harshensa. Amma zai fi amfana in ya isa can da wani abu a hannu: sa'o'in Adaranci da ya naɗa ya rubuta, ajamin da ya iya karantawa, da kalmomin fannin da ya iya bayyanawa da harshen uwarsa. Mai irin wannan guzuri abokin bincike ne a duk jami'ar da ya shiga, kuma in ya dawo zai san abin da zai gina. Guzurin kuwa ana haɗa shi ne a kan hanyar Ƙonni zuwa Sakkwato.