Mai aski ya murɗa maka wuya ya yi ƙas: ka san abin da ke ciki?

In kana hawa TikTok ko Facebook, ka sha ganin bidiyon nan da ake kama kan mutum a murɗa wuyansa ya yi ƙas, shi kuma ya lumshe ido wai gajiya ta fita. Mu ma nan Sule Tankarkar da Gumel ba baƙon abu ba ne, wani mai askin ma kyauta yake ɗora maka shi bayan ya gama gyaran fuska.

To, ɗan uwa, jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwarka ta wuyan nan. Biyu ta gaba, biyu kuma ta baya, suna ratsa 'yan ramukan ƙashin wuya. Idan aka fizgi wuya da ƙarfi, fatar cikin jijiya na iya tsagewa. Jini sai ya kutsa cikin bangonta ya matse hanya, ko ya daskare, gudan ya ɓalle ya je ya toshe wata jijiyar a ƙwaƙwalwa. Daga nan sai shanyewar ɓarin jiki.

A cikin duk masu shanyewar jiki ta toshewar jini, wannan tsagewar kusan kashi 2 cikin 100 ce kawai. Amma a 'yan ƙasa da shekara 50 tana kai kashi 10 zuwa 25. Ke nan ciwonmu ne, mu matasa. A 2016 wata Ba'amurkiya mai tallan kaya, Katie May, ta rasu tana da shekara 34, kuma binciken gawa a Los Angeles ya ɗora abin a kan murɗar wuyan da mai gyaran ƙashi ya yi mata. Gaskiya mafi yawan waɗanda ake murɗawa ba abin da ke samunsu. Kuma faɗuwa daga babur, naushin dambe, kayen kokawa, kai har tari mai tsanani na iya jawo ta.

Yawanci tana yin sallama kafin ta kayar da mutum: ciwon wuya ko na kai a gefe ɗaya wanda bai taɓa jin irinsa ba, fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, jiri, gani bibbiyu. Tsakanin wannan da shanyewar ana iya samun awoyi, wani lokacin kwanaki. A nan muke yin asara. Saurayi ɗan 25 bakinsa ya karkace, sai a ce iska ce ko jifa, tunda dai hawan jini na tsofaffi ne. Wani ma wurin mai ɗori za a kai shi a ƙara murɗa wuyan!

Ga abin da nake so ka riƙe. Hoton CT na kai zalla ba ya nuna jijiyoyin wuya, kuma a awoyin farko yana iya fitowa fes alhali ɓarna na gudana. Ana buƙatar wanda ake zuba ruwan allura a jini a hasko jijiyoyin tun daga wuya, ko kuma MRI, wanda ke nuna jinin da ya taru a bangon jijiyar. Likita ba zai nemi wannan ba sai ya ji labari, don haka ko bai tambaya ba, gaya masa: shekaranjiya an murɗa masa wuya, ko ya faɗi a babur ranar kasuwar Maigatari.

Irin wannan hoton sai manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ka san tafiyar da ke tsakaninmu da Kano. Allurar narkar da gudan jini kuwa cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Ina ganin wannan tambaya ce da ya dace mu riƙa yi wa masu zuwa neman ƙuri'a a masarautar Gumel: marar lafiya daga Gagarawa, a wace mota zai isa na'urar kafin lokaci ya ƙure?

Maganin kansa ba tsada, sau da yawa asfirin ne na wata uku zuwa shida. Sai dai kar ka ba kowa shi a gida kafin hoto, don in jini ne ya fashe a kai, ƙara masa za ka yi. Ku nufi Babban Asibitin Gumel kai tsaye, a rubuta lokacin da abin ya fara, ku nemi takardar turawa gaba.